Ranar da Na Raka Tabawa

Da sunan Allah nake farawa, don Shi ne ya ga abin da ya faru, sauran jama'a ji kawai suka yi. Ku 'ya'yana da jikokina, labari ya iso ni cewa a wajen wani suna a Wudil an sake tayar da maganar Tabawa, har wata da ba ta taɓa wuce Kwanar Ɗangora ba ta zauna tana ba da labarin Guangzhou kamar a can aka yanke mata cibiya. Wai Tabawa ta sace fasfo ta gudu, wai ta yi mini asiri na bi ta kamar raƙumi da akala. Ni ban taɓa zama a aji ba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce a karanta mini kowane layi, in an ƙara gishiri zan ji a kunnena. Amma Allah ya ba ni ido, kuma duk wanda ya zauna da ni ya san ba a wuce ni da kaya a ɓoye. To ku zauna ku ji yadda aka yi, daga yau kada wanda ya ƙara kawo mini wancan zancen.

Tabawa 'yar gidanmu ce, amma ba 'yar gidanmu ba ce, kuma yaran yanzu sai an warware muku. Kakar uwarta sayo ta aka yi daga can ƙasashen kudu, zamanin da ake sayen mutum kamar akuya. An hana bauta tun kafin a haifi iyayenmu, sai dai takardar gwamnati ba ta shiga soron gidanmu ba. Su suna ɗakunan baya, mu muna na gaba. Ba ma cin abinci kwano ɗaya, ba ma zama tabarma ɗaya, in za su shigo ɗakin mahaifiyata tun daga tsakar gida suke tuɓe takalmi. Kuma akwai wata al'ada da ta fi duka ƙarfi: duk 'yar gidanmu da za a kai ɗakin miji, sai an haɗa ta da mace ɗaya daga ɗakunan baya, ta ɗauko mata kaya a ka, ta zauna tana yi mata aiki har sai ranar da aka ce ta dawo. Uwar Tabawa ce ta raka yayata. Tabawa ce ta raka ni. Ranar da ita aka kai ta nata ɗakin, da kanta ta ɗauki ƙullin kayanta, ina kallo daga bakin zaure, ban ga wani abin mamaki ba. Haka muka tashi muka tarar.

Duk da haka babu wanda ya iya raba mu muna yara. Sa'ata ce, ta fi ni baki, na fi ta ido. Wata damina, muna 'yan mata ƙanana ko ƙirgen dangi ba mu fara ba, ta ja ni bakin kogi inda masunta suke ajiye manyan gorunan da suke hawa su shiga ruwa. Ta ce mu hau ɗaya mu ga inda kogin yake kwana. Muka rungumi gora ɗaya, ita ta wancan gefe ni ta wannan, muka riƙe hannun juna ta sama, ruwa ya ɗauke mu. Ina ihu tana waƙa. Muka wuce masu wanki, muka wuce gonakin rake, wasu Fulani masu shayar da shanu suka bi mu da gudu a gaɓa suna ɗaga sanda. Sai can wani tsoho mai kwale-kwale ya tsamo mu kamar kifi, ya ba mu gasasshiyar masara, ya maido mu gida da yamma. Ni aka shafa mini man shanu aka ba ni kunu mai zafi. Ita aka kai ta baya aka zane ta. Tun daga ranar nake tsoron ruwa, ita kuwa tun daga ranar in ta ga ko kududdufi ne sai ta tsaya ta gaishe shi.

Shekaru suka tafi, mazajenmu suka rasu, 'ya'ya suka kama gabansu. Yayana Alhaji Sule, wanda ku kuke kira Baba Babba, yana da ofis a Guangzhou ta ƙasar Sin, a Tianxiu, dogon benen nan da 'yan Afirka suka cika da shaguna, yana tura wa 'yan Kwari da Wambai kaya a kwantena. Ya ga mutanenmu suna ramewa a garin saboda tsoron cin abin da ba su san yankansa ba, sai ya kama gida a unguwar Xiaobei ya ce in zo in riƙa dafa musu tuwo. Na ce ba na tafiya sai da Tabawa. Haka muka zo, ni da kuɓewa busasshiya da daddawa, ita da tandar ƙasa ta uwarta a naɗe cikin zannuwa, ta rungume ta a cinya tun daga Kano har muka sauka. Ni nake tuwo da miya, ita take masa. Ba zan ɓoye ba, tuwona yana da kyau, amma layin da ake yi a matakalar bene na masa ne. Kanawa, Zabarmawa, mutanen zango na Gana, har da wani Basine mai shagon waya a ƙasa da yake hawowa yana cewa "masa, masa," in ta ƙare Tabawa ta watsa hannu ta ce masa "meyo," wato babu, ya sauka kamar an yi masa rasuwa. Fasfo ɗinmu kuwa, nawa da nata, Yaya ya damƙa mini. Suna cikin lalita a ɗaure a ƙuguna, ƙarƙashin zane, har da wayata. Ko wanka zan shiga da ita nake shiga.

Wata rana da damina Yaya ya hawo bayan la'asar, ya zauna ya ci masa har ya ƙoshi, ya share hannu, sannan ya yi magana yana kallona, ba ya kallon ta.

"Dije, auren Zainabu ya matso. Tabawa za ta bi jirgin sati mai zuwa, ita za ta raka ta Kaduna ta zauna da ita."

Zainabu autarsa ce. Na ce, "Yaya, masar fa?"

"Kya koya."

Tabawa tana durƙushe tana goge tanda. Ta ce, "Alhaji, ni fa gwiwata ta fara magana. Wadda za ta raka amarya ai yarinya ake nema."

"Yaran ɗakinku duk sun shiga boko, sun ce su ba bayin kowa ba ne. Ke kaɗai kika rage mai hankali."

"To, Allah ya saka wa hankali," in ji ta, ta ci gaba da goge tanda.

Na san da wata magana a ƙasa, don ba a yin abu a gidan da nake ban sani ba. Akwai Hajiya Memuna, 'yar zangon Kumasi, mai ƙiba da dariya kamar ana zazzage gyaɗa a buhu. Ta buɗe gidan abinci a wata unguwa can gangaren kogi inda baƙaƙen fata suka fara komawa, da rajista da komai, kuma ta daɗe tana zuwa cin masa tana daɗewa a madafa. Ta yi wa Tabawa tayin su haɗa hannu, ita da shago da takardu, Tabawa da tanda, riba a raba. Na ji su ta bayan labule. A raina na ce magana ce ta bakin murhu, wadda ba ta da fasfo ina za ta?

Ranar Juma'a maza suka tafi Masallacin Huaisheng, Yaya ya ce in kai Tabawa kasuwar Baima mu sayo wa amarya mayafai. Tun kafin mu fita na ga abin da na gani. Zane biyu ta ɗaura ana wannan zafin. Jakar da ta ɗauko ta zuwa kasuwa, wadda ya kamata ta zama wofi, ta yi nauyi har ta karkata kafaɗa, kuma ƙasanta ya yi faɗi da ƙulu-ƙulu. Na leƙa madafa, ƙusar da ake rataye tanda tana nan ita kaɗai. Na ƙara ɗaure lalitata, na ce a raina yau zan ga ƙarshen wayo. Muka shiga Baima, ta taya ni ciniki kamar ba komai, tana ce wa mai shago "lawban," wato maigida, "rage mana," tana danna masa lamba a na'urar lissafi tana dariya. Da muka fito sai ta tsaya.

"Uwar ɗakina, alfarma ɗaya. Duk zaman da muka yi a garin nan ban taɓa ganin koginsu ba. Ki kai ni in gaishe shi kafin a mai da ni."

"Kogi ya ce yana kewarki?"

"Baƙon da bai gai da mai gari ba ai ɓarawo ne."

"Wa ya san ɓarawo irin mai tanda a jaka," na ce a raina. A fili kuwa na ce, "Mu je." Nufina in tsare ta da ido har ta gaji ta haƙura da kanta, don ban so a ce Yaya ya ji, ya ci mata mutunci a gaban yaran shago.

Ku da ba ku je ba, kogin nan ba irin na Wudil ba ne. Ruwan ƙasa-ƙasa ne mai faɗi, benaye sun tsaya a gaɓa biyu kamar sun zo kallo, jirage manya da ƙanana suna ta kai da kawowa. Bahaushen Xiaobei ba ya zuwa nan, shi daga shago sai masallaci sai sito. Tabawa ta tsaya ta ɗaga hannu ta ce, "Sannu da aiki, babba." Kafin in ankara ta jefa kuɗin mutum biyu a akwatin ƙofa ta shige jirgin fito, dole na bi ta, ina karanta duk abin da na haddace. Jirgi ya tashi, ya tsaya, kowa ya sauka, mu muka zauna. Ma'aikacin jirgin ya zo ya yi mana dogon jawabi da hannu da baki, muka ce masa "shiyeshiye," wato mun gode, ya dube mu ya girgiza kai ya tafi. Jirgi ya sake tashi, ya sake tsayawa. Tabawa tana leƙe ta taga tana neman wani abu, ni kuma ina kallon ta. Sai can na ɗaga kai na ga wani jan wando a shanye a barandar wani bene.

"Tabawa, wancan wandon na san shi."

"A ina kika san wandon Basine, Hajiya? Ashe kina da labari."

"Rufe mini baki. Ɗazu muka wuce shi, kafin ɗazu ma mun wuce shi. Jirgin nan tsallakawa kawai yake yana dawowa, kamar ɗan aike marar kai."

Ta duba, ta ga wando, sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki, ma'aikacin da ke can gefe shi ma ya fashe, ashe tun ɗazu yake jira mu gane. Ni ban yi dariya ba a lokacin. Na ce mata, "Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai shirin gudu ai tambayar hanya take tun da wuri." Dariyar ta tsaya. Ta dube ni, na dube ta. Ba ta musa ba, ba ta kuma ba ni haƙuri ba. Ta ce Hajiya Memuna ta ce mata jirgi mai shuɗin rufi, a wuce babbar gada, a sauka inda wata ƙatuwar ceɗiya take a bakin ruwa. Ta ce ba ta nemi komai ba sai ta ga wurin da idonta, ko da ba za ta zauna ba. Har yau ban san me ya sa na tashi na nuna wa ma'aikacin shuɗin mayafin da muka saya wa amarya na nuna rufin jirgi ba. Ya gane nan take, ya kai mu da kansa har ƙofar ɗayan jirgin yana ta dariya.

Wannan jirgin gangarawa ya yi sosai. Muka samu wuri kusa da wata tsohuwa 'yar ƙarama mai farin gashi, da kwando cike da laici, wasu 'ya'yan itace masu jan ɓawo mai kaushi, cikinsu fari mai zaƙi. Ba ta tambaye mu ba ta zuba mana a cinya. Ta kuma kwance wani ƙullin shinkafa a ganye kamar alala ta miƙo. Tabawa ta karɓa ta shinshina, ta dubi tsohuwa, ta tura hancinta sama da yatsa ta yi kukan alade. Ina jin duk jirgin sai da ya juyo. Tsohuwa ta yi dariya har haƙoranta biyu suka fito, ta ce "meyo, meyo," ta buɗe ta nuna mana jan wake ne a ciki. Muka ci. Ni a gefena na benci, Tabawa a nata, tsohuwa tana kallon tazarar da muka bari a tsakani, har ta ɗora kwandonta a wurin tunda ta ga babu mai zama.

Da muka wuce gada sai muka ji ganga. Ashe lokacin bikinsu ne na ruwa, wanda unguwanni suke fito da dogayen kwale-kwale masu kan dodo, su kai wa juna ziyara ta kogi. Ga su nan jere, kowanne da maza cike suna tuƙi hannu ɗaya, mai ganga a tsakiya, laima ja, tutoci, ana ta fasa abin ƙara a gaɓa hayaƙi ya tashi. Tabawa ta manta da gwiwa. Ta miƙe ta kama ƙarfen jirgi tana buga ƙafa daidai da gangar, ta saki guɗa irin ta Wudil, wadda ake yi in amarya ta fito. Matuƙan wani jirgi suka juyo, suka ɗaga filafilai sama suka amsa mata da ihu. Ta ƙara, suka ƙara. Na ce, "Ke, zauna, da girmanki." Ta ce, "Girman ai a tudu na baro shi." Ni kuwa a lokacin jirginmu ya shiga igiyar ruwan da suka tayar, ya fara rawa, laici da shinkafa suka fara shawara a cikina. Zufa ta karyo mini, lalita ta shaƙe ni kamar maciji. Ban yi tunani ba na kwance ta na miƙa wa Tabawa na ce riƙe mini, na sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyi.

Ina cikin haka na ji ta ce, "Ga ceɗiya! Hajiya, tashi!" Ta ɗauki jaka ta yi gaba tana buɗa hanya, don mutane sun cika tashar saboda biki. Na tashi, takalmina ɗaya ya shige ƙarƙashin benci. Ni ba na taka ƙasar Sin da takalmi ƙafa ɗaya. Kafin in laluba in sa, masu shiga sun danno, an ja ƙofa, jirgi ya ja baya. Na ga Tabawa a kan tudu, jaka a ka, lalitata a hannu, ruwa yana faɗi tsakaninmu. Ta buɗe baki tana faɗin wani abu, ganga ta cinye.

Ga ni a tsakiyar kogi, ba fasfo, ba waya, ba ko sisi, kalmomin da na iya na yarensu ba su wuce na ciniki ba. Tsohuwa mai laici ta ja ni ta zaunar, ta fito da wani koren mai mai yaji ta shafa mini a goshi da bayan kunne, tana ta surutu, ta zana mini da'ira da yatsa a iska. Na gane nufinta jirgin zai je ya dawo. Sai na zauna ina lissafin abin da zan gaya wa Yaya. Na san Tabawa ta tafi. Fasfo yana hannunta, tanda tana kanta, shagon Memuna yana bayan ceɗiya, ni kuma da hannuna na miƙa. Ko ni ce ita ba zan tsaya ba. Abin da ya ba ni mamaki, na nemi fushi a cikina ban samu ba. Abin da na samu wancan goran ne na Wudil, da hannunta a cikin nawa, da kunun da na sha ina jin kukanta daga ɗakunan baya.

Rana ta karkata kafin jirgi ya juyo. Tun daga nesa na hango ceɗiya, na hango taron matuƙan nan sun fito hutawa a ƙarƙashinta, a tsakiyarsu kuma wata baƙar mace a zaune kan jaka, an ɗora mata hular ganye, tana koya musu guɗa. Maza manya suna karkaɗa harshe suna fitar da kukan zakara mai mura. Na sauka da takalmina biyu. Ta taso ta miƙo mini lalita. Na duba ƙullin bakinta, nawa ne, irin wanda ni kaɗai nake yi, ba a taɓa shi ba.

"Ke wace irin wawuya ce?" na ce. "Ga ƙofa a buɗe, ga shago can. Me kika zauna yi?"

"Jiranki."

"In na ce mu koma fa?"

"Sai mu koma, in raka Zainabu, in mutu a Kaduna ina wanke tukwane." Ta cire hular ta riƙe a hannu. "Hajiya, bawa shi ke gudu. In na gudu, na tabbatar musu da sunan da suke kirana. Kakata ta raka, uwata ta raka, ni na raka ki. Mu ba a taɓa raka mu ko bakin zaure ba. Ni ba gudu nake so ba, so nake a raka ni."

Na tsaya ina kallon ta. Ku kun san ni, ba na kuka a gaban mutane, ranar ma ban yi ba, man tsohuwar nan ne ya shiga mini ido. Na kwance lalita na zaro fasfo ɗinta na sa mata a hannu. Sannan na cire mayafina na naɗa gammo.

"Ɗora mini."

"Hajiya, tandar ƙasa ce fa. Ke ko tulu ba ki taɓa ɗauka ba."

"Na ce ɗora mini. In ta fashe ki ce baƙin ciki na yi."

Ta ɗora. Wallahi ban san haka take da nauyi ba, kuma wannan ce ta ɗauko tun daga Xiaobei tana ciniki tana dariya. Na ce ta wuce gaba. Ta ce ba ta iya tafiya a gabana ba, ƙafarta ba ta saba ba. Na ce yau za ta koya. Na zaro shuɗin mayafin amarya na yafa mata. Haka muka bi layin, ita a gaba tana waige, ni a baya wuyana yana ƙara, matuƙa biyu suka biyo mu da ƙaramar ganga don sun ɗauka wani bikin ne namu. Ba su yi kuskure ba. Hajiya Memuna ta fito ƙofar shago da ludayi a hannu, ta gan mu, ta dafe ƙirji.

"Wayyo ni, Magajiya da kanta da kaya a ka? Duniya zai tashi!"

Na sauke tanda a gabanta lafiya lau, na kama hannun Tabawa na sa a nata, na faɗi abin da tsofaffi suke faɗa in sun kai yarinya.

"Ga amana mun kawo. Ba mu kawo ta don ba ta da gata ba. In ta yi laifi a gaya mana, in aka yi mata za mu ji."

Memuna ta ce ta karɓa. Ta kawo shinkafa da wake irin tasu a kwano biyu. Na ce ta mai da ɗaya. Tabawa ta daɗe tana kallon kwanon kafin ta sa hannu, da ta sa kuwa sai ta janye naman duk ta kai gabanta, ta ce na amarya ne.

Abin da ya biyo baya ba daɗi, kuma ba zan rage muku ba. Na koma na gaya wa Yaya da bakina kafin ya ji a wani wuri. Ya ce na ci amanarsa, na tozarta gidan ubanmu, na sa a yi masa dariya a Tianxiu. Na ce, "Yaya, amanar takarda ka ba ni, na kuwa mai da ita ga mai ita." Ya karɓe makullin gidan Xiaobei. Ba a gayyace ni auren Zainabu ba, yarinyar da na yi wa wanka da hannuna lokacin da aka haife ta. Shekaru ya yi ba ya amsa sallamata, ko a waya aka ce ga Dije sai ya ce a ce yana salla. Wannan ya ci ni, don uwa ɗaya uba ɗaya muke, kuma shi ya riƙe ku lokacin da mahaifinku ya rasu, kada wanda ya zage shi a gabana. Zainabu kuwa ta tafi Kaduna ba mai raka ta daga ɗakunan baya, ta wanke tukwanenta da kanta, ga ta nan da 'ya'yanta ba abin da ya same ta. Daga kanta al'adar ta mutu a gidanmu.

Ni da na rasa madafa, ina kuke jin na tafi? Bayan ceɗiya. Tabawa ta ce suna neman mai tuwo, amma sai an gwada hannuna tukuna, don shagonsu ba a ɗaukar mutum saboda sanayya. Na yi mata tuwon gwaji, ta ɗanɗana, ta ce miyar ta so gishiri amma za a iya haƙuri da ni. A nan na yi sauran shekaruna na Guangzhou, ina kiran ta lawban in na so tsokana, kuma duk Juma'a in an tashi sai ta ja ni mu hau jirgi mai shuɗin rufi, har na daina rufe ido. Wata rana wani yaron Yaya ya zo sayen masa a ɓoye, ya ce na wani baƙo ne. Na san masar da Yaya yake so, mai ƙonannen gefe. Tabawa ta zaɓo masa irin su ta cika leda, ta ce, "Ka ce wa baƙon gwiwata tana gaishe shi." Bayan sati yaron ya dawo, bai ƙara cewa na baƙo ba ne.

Tana can har yanzu, ni ce ciwon ƙafa ya maido gida. Jiya ma ta kira ni, ba ta ce Hajiya ba, ba ta ce uwar ɗakina ba, ta ce, "Dije, kin mutu ne ko kina nan?" Na ce ina nan, ina gyara mata suna a Wudil. Ta ce in bar su su yi ta faɗa. Na ce ba zan bari ba. Don haka duk wanda ya ƙara ce muku Tabawa guduwa ta yi, ku ce masa ƙarya ne, raka ta aka yi, da ganga, da rana tsaka. In ya tambayi wa ya ɗauki kayan, ku turo shi ya zo ya taɓa wuyana.